Gasar Mata Ta Mata Ce, Amma Wa Ya Damƙa Mana Mudun Awon Mace?

Jama'a, bari in fara da tona wa kaina asiri. A farkon watan Agustan 2024, ana tsaka da gasar Olamfik a birnin Faris, ina cikin waɗanda suka yaɗa bidiyon damben nan da 'yar Italiya, Angela Carini, ta ɗaga hannu ta ce ta haƙura bayan sakan 46 kacal a gaban 'yar Aljeriya, Imane Khelif. Har na rubuta a samansa cewa ga inda wayewar Turawa ta kai mu, an saki ƙato yana jibgar mata. Mutane suka yi ta tofa albarkacin bakinsu, ni kuma ina ta jin daɗi wai na faɗi gaskiya.

Washegari a ofis wani abokin aikina, mutum ne mai shiru-shiru, ya jawo kujera ya yi mini tambaya ɗaya. Ya ce, "Yallaɓai, a Aljeriya ne ake canza wa mutum jinsi a fasfo?" Na yi shiru. Da na koma na bincika, sai na tarar a mace aka haife ta, a mace aka raɗa mata suna, a mace ta tashi a ƙauyensu a yankin Tiaret. Ta ma je Olamfik ta Tokiyo, inda 'yar Ayalan, Kellie Harrington, ta fitar da ita tun kafin a kai zagayen lambobi, kuma a lokacin babu wanda ya ce uffan. Akwai taƙaddama a kan wani gwaji da wata hukumar dambe ta ce ta yi mata a 2023, wannan kam haka ne, kuma zan dawo kan irin wannan batu. Amma abin da na rubuta, cewa namiji ne ya rikiɗa ya zama mace, ƙarya ce tsagwaronta. Na goge rubutun, sai dai wanda ya karanta ya riga ya karanta.

Tun daga nan nake bin maganar nan a hankali, kuma ga inda na tsaya. Kare gasar mata daga wanda jikinsa ya yi balagar namiji daidai ne, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma yadda muke yin hukuncin da ido da hayaniya, yawanci ba masu sauya jinsi yake faɗa wa ba. 'Ya'yanmu na Afirka yake faɗa wa. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, maganar ba ta layi biyu ba ce.

Da farko dai, me ya sa aka raba gasar maza da ta mata?

Ba don kunya aka raba ba, ba kuma don ado ba. An raba ne saboda in aka haɗa, mace ba za ta ga ko ƙurar lamba ba. Ku dubi alƙaluma. Tarihin gudun mita 100 na maza sakan 9.58 ne, na Usain Bolt a 2009. Na mata 10.49 ne, na Florence Griffith-Joyner tun 1988. A mita 800, David Rudisha na Kenya ya yi 1:40.91 a 2012, na mata kuwa 1:53.28 ne tun 1983. Tazarar a gudu tana kai kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. A tsalle ta fi haka, a ɗaga nauyi da naushi kuwa ba a magana.

Kashi 10 zai yi wa mutum kama da ƙaramin abu, har sai ya ga abin da yake nufi a fili. Allyson Felix ta Amurka tana cikin gwanayen da duniya ta taɓa gani a gudu. Gudunta mafi kyau a mita 400 shi ne sakan 49.26. Wata farfesar shari'a a Jami'ar Duke, Doriane Coleman, wadda ita ma tsohuwar 'yar tsere ce, ta ƙirga ta ga cewa a shekarar 2017 kaɗai maza da samari sun wuce wannan lokaci fiye da sau 15,000. Ko mu dawo gida. Chioma Ajunwa ta ciyo wa Najeriya zinare a dogon tsalle a Atlanta a 1996 da mita 7.12. A wannan gasar, Carl Lewis ya ci na maza da mita 8.50. Da ba a ware wa mata nasu fagen ba, da yau babu wanda ya san sunan Ajunwa, haka ma Tobi Amusan da ta kafa tarihin duniya a 2022.

Kuma kada mu manta, fagen nan ba kyauta aka ba mata ba, da ƙyar suka ƙwace shi. Bayan 1928 an cire musu gudun mita 800 daga Olamfik, wai ya fi ƙarfinsu, ba a dawo da shi ba sai 1960. Gudun famfalaƙi na mata sai 1984 ya shiga, damben mata kuwa sai 2012. Bayan lambar akwai gurbin karatu kyauta a jami'a, akwai kuɗin gasa, akwai kwangilar talla, akwai gidan da yarinya za ta gina wa iyayenta. Kowace lamba mutum ɗaya ke ɗauka. In ka ba wani, to ka hana wata.

Daga ina tazarar take zuwa? Daga balaga. Kafin balaga, bambancin yaro da yarinya a gudu ɗan kaɗan ne. Da zarar yaro ya fara balaga, sinadarin testosteron yakan yi sama. Mafi yawan mata nasu bai kai ma'auni 2 ba, maza kuwa daga kusan 8 har zuwa kusan 30. Shi ke ƙara tsawo, ya faɗaɗa kafaɗa, ya ƙara girman zuciya da huhu, ya gina tsoka, ya ƙara wa jini ƙarfin ɗaukar iska. Wannan ba ra'ayin malamin addini ba ne ko na ɗan siyasa, darasin bayoloji ne na sakandare.

Tambayar da ake ta rigima a kanta ita ce: idan mutum ya gama balaga a namiji, daga baya ya sauya jinsi, ya sha magani ya sauke testosteron ɗinsa, rinjayen yana tafiya? Shekaru da yawa kwamitin Olamfik ya tafi a kan cewa eh. A ƙa'idarsa ta 2015, in aka sauke sinadarin ƙasa da ma'auni 10 na tsawon wata 12, an wuce wurin. Sai bincike ya zo ya nuna abin ba haka yake ba. Ƙarfin jini yana sauka da wuri, cikin kamar wata huɗu ya yi daidai da na mata. Amma wani nazari da Emma Hilton da Tommy Lundberg suka wallafa a 2021 ya tattara binciken da aka yi, ya ga tsoka da ƙarfi ba su ragu da fiye da kusan kashi 5 cikin ɗari ba bayan shekara guda. Wani binciken a kan sojojin saman Amurka ya nuna cewa kafin shan magani sun fi mata sauri da kashi 21 cikin ɗari a gudun mil ɗaya da rabi, bayan shekara biyu kuma har yanzu sun fi su da kashi 12, duk da cewa a wasu nau'o'in motsa jikin bambancin ya ɓace. Tsawo kuwa da faɗin ƙashi, babu ƙwayar da ke rage su. Gini ne an riga an zuba kankare, canza fenti ba ya rage masa ɗaki.

Misalin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Lia Thomas. Zan ce "ta" kamar yadda takardun gasar suka rubuta, don kada mu tsaya faɗa a kan nahawu. Ta yi kakar wasa uku tana ninƙaya a ƙungiyar maza ta Jami'ar Pennsylvania, ta sauya jinsi, sannan a watan Maris na 2022 ta ci gasar jami'o'in Amurka ta mata a ninƙayar yadi 500. Wadda ta zo ta biyu, Emma Weyant, tana da azurfar Olamfik a hannunta. Duk wanda ya ce matan da suka yi ƙorafi a kan wannan ƙiyayya ce kawai ke damun su, bai yi musu adalci ba.

Amma tunda adalci muke nema, bari mu saurari ɗaya ɓangaren, domin su ma suna da hujja.

Suna cewa masu sauya jinsin nan ba su cinye komai ba. Gaskiya ne. Lia Thomas ɗin nan a wannan gasar ta zo ta biyar a yadi 200, ta takwas a yadi 100, kuma lokacin da ta ci yadi 500 da shi ya gaza tarihin Katie Ledecky da kusan sakan tara. Laurel Hubbard ta ƙasar Niyu Zilan, wadda aka yi ta kururuwa a kanta kafin Olamfik ta Tokiyo, ta je ta kasa ɗaga nauyin har sau uku, ta koma gida hannu rabbana. A watan Disamban 2024 shugaban hukumar wasannin jami'o'in Amurka, Charlie Baker, ya faɗa wa majalisar dattawan ƙasar cewa cikin 'yan wasa kusan 510,000, masu sauya jinsi da ya sani ba su kai goma ba. To ka ga hayaniyar ta fi matsalar girma, kuma ba sai an faɗa maka ba, 'yan siyasar Amurka na ɓangarorin biyu sun mayar da ita abincin kamfe.

Sai dai ni wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, kuma mu 'yan Najeriya mun fi kowa sanin dalili. Ku tuna maganar rage shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17. In ɗan shekara 22 ya shiga cikin yaran, ko da ƙungiyarsa ba ta ci kofi ba, ko da bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, ya yi cuta, domin ya tare gurbin wani yaro. Rashin cin nasara ba ya wanke rinjaye. Haka nan ƙarancin masu yi ba ya sa a ce kada a kafa doka. Gara ma a kafa ta tun ana 'yan kaɗan, kowa ya san matsayinsa kafin ya ɓata shekarunsa yana atisaye.

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi. Suna cewa ai wasa dama ba a taɓa yin sa da jiki iri ɗaya ba. Michael Phelps yana da hannaye masu tsawon da ya wuce tsayinsa, Bolt dogo ne fiye da abokan tserensa, 'yan Kenya da Habasha sun tashi a kan tsaunuka. Me ya sa ba a kore su ba? Amsa ita ce, ba mu taɓa buɗe gasar masu gajeren hannu ba, don haka dogon hannu bai karya dokar kowa ba. Amma mun buɗe gasar mata, kuma dalilin buɗe ta ɗaya ne tak, a fitar da abin da balagar namiji ke ginawa. Ɗan dambe mai kilo 90 ba laifi ya yi ba da ya yi nauyi, amma ba za a bar shi ya shiga ajin kilo 60 ba. In ka bar abin da aka kafa ajin don a hana shi ya shigo, to ajin ya zama suna kawai.

Shi ya sa hukumomi suka yi ta juyawa ɗaya bayan ɗaya. Hukumar wasan rugbi ta duniya ta fara a 2020, saboda tsoron rauni. Ta ninƙaya ta bi a watan Yunin 2022, ta guje-guje da tsalle-tsalle a watan Maris na 2023, ta tseren keke a watan Yulin 2023. Duk sun tsaya a kan magana ɗaya, wanda ya yi balagar namiji ba zai shiga gasar mata ba. A Ingila ma hukumar ƙwallon ƙafa ta ɗauki nata matakin daga 1 ga Yunin 2025, bayan hukuncin kotun ƙolin Birtaniya a kan ma'anar kalmar mace a dokar daidaito. Har nan babu inda na saɓa da su.

Inda gizo ke saƙar shi ne a nan. Ka ce mata kaɗai, to wa zai tsaya a bakin ƙofa, kuma da wane mudu zai auna?

Akwai wasu mutane da muke yi wa kuɗin goro da masu sauya jinsi, alhali ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Su ne waɗanda aka haifa da bambanci a halittar jinsi. Ungozoma ta duba ta ce mace ce, aka yanka rago, aka huda kunne, aka tashe ta a cikin mata, ita kanta ba ta san komai ba sai ranar da likitan wata hukuma ya ce ƙwayar halittarta XY ce, ko testosteron ɗinta irin na maza ne. Ba ta sauya komai ba, ba ta yaudari kowa ba. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya yi karatun rabon gado ya ji babin huntha, wanda muke ce wa mata-maza. Muhtasar na Halilu ma da wannan mas'ala ya rufe. Malamanmu sun zauna sun fitar masa da rabonsa na gado, ba su ce a yi masa ihu a kasuwa ba, domin sun san halittar Allah ce. Abin kunya ne a ce masu karatun zaure na ƙarnonin baya sun fi mu natsuwa a kan wannan, mu da muke da digiri da waya a hannu.

Yanzu ku ƙirga waɗanda dokar ta fi kamawa. Caster Semenya ta Afirka ta Kudu tana da shekara 18 a 2009 lokacin da labarin gwajin da ake mata ya fita duniya, ana gab da tseren ƙarshe a birnin Balin. An ajiye ta wata goma sha ɗaya, duniya tana ta muhawara a kan abin da ke ƙarƙashin tufafinta. Francine Niyonsaba ta Burundi. Margaret Wambui ta Kenya. Christine Mboma da Beatrice Masilingi na Namibiya, waɗanda aka hana gudun mita 400 ana saura makonni a fara Olamfik ta Tokiyo. Barbra Banda ta Zambiya, wadda ba ta buga gasar kofin Afirka ta mata ta 2022 ba saboda wannan batu, kuma da BBC ta zaɓe ta gwarzuwar shekara a 2024 aka yi mata ruwan zagi. Annet Negesa ta Yuganda, wadda ta ce an yi mata tiyata a 2012 ba tare da an fahimtar da ita abin da za a yi ba, kuma ba ta sake komawa yadda take ba. Sai maƙwabciyarmu, Aminatou Seyni ta Nijar. A 2019 tana cikin mata mafiya sauri a duniya a mita 400, aka ce ba za ta yi wannan tsere ba sai ta sha magani. Ta koma mita 200, ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022. A cikin duk waɗannan babu mai sauya jinsi ko ɗaya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce maganarsu mai sauƙi ce ba. A Olamfik ta Riyo a 2016, ukun da suka hau mumbari a mita 800, wato Semenya da Niyonsaba da Wambui, duka dokar ta shafe su daga baya. Wadda ta zo ta huɗu, Melissa Bishop ta Kanada, ita ma 'yar wani ce, ita ma ta yi shekaru tana zufa. In jiki yana samar da testosteron irin na maza kuma yana amfani da shi, rinjayen yana nan, ko mai jikin ta sani ko ba ta sani ba. Kotun wasanni ta duniya da ta yanke wa Semenya hukunci a 2019 ta amsa da bakinta cewa dokar tana nuna bambanci, amma ta ce bambancin ya zama dole, kuma alƙalan ma biyu da ɗaya suka rabu. A watan Yulin 2025 kuma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce kotun ƙolin Suwizalan ba ta yi wa ƙarar Semenya sauraron da ya kamata ba. In alƙalai sun yi shekaru suna kokawa da abu, ban ga yadda ni da kai za mu yanke shi da hoto ɗaya a Facebook ba.

Tarihin gwajin kansa abin tsoro ne. A gasar Turai ta 1966 tsirara aka riƙa sa mata su yi a gaban likitoci. Daga 1968 aka koma gwajin ƙwayar halitta. A 1985 wannan gwaji ya faɗa kan 'yar Sifaniya, María José Martínez-Patiño. XY ce, amma jikinta sam ba ya jin testosteron, don haka ba ta da wani rinjaye. Duk da haka aka kore ta, aka soke tallafin karatunta, jarida ta buga, wanda zai aure ta ya gudu. Sai 1988 aka wanke ta, bayan lokacinta ya wuce. A Atlanta a 1996 an gwada mata sama da 3,000, takwas suka faɗi gwajin, da aka zurfafa bincike aka bar su duka suka yi wasa. A 1999 kwamitin Olamfik ya watsar da gwajin gaba ɗaya. Yanzu ga shi ya dawo. Daga 1 ga Satumban 2025 hukumar guje-guje ta duniya ta wajabta wa kowace mace gwajin ƙwayar SRY sau ɗaya a rayuwa, ta hanyar goge cikin kumatu ko ɗibar jini. Ya fi tuɓe mutum mutunci nesa ba kusa ba, kuma yana da kyau da ya zama kowa ake yi wa, ba wadda aka ga dama ba. Amma Andrew Sinclair, masanin da ya gano ƙwayar a 1990, ya fito ya ce ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Irin abin da muka sani ne a gwajin MRI na ƙashin wuyan hannu da FIFA ta fara a 2009: yana kama masu rage shekaru, amma yakan haɗa da yaron da ƙashinsa ya rufe da wuri.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ya dame mu a nan gida. Gwaji yana son tsari, da ɗakin bincike, da mai aika takarda a kan lokaci. A 2025 'yan damben Faransa mata biyar sun rasa gasar duniya a Libaful saboda sakamakon gwajinsu bai iso a kan kari ba. Faransa ke nan fa. Mu da aka cire mana 'yan wasa 10 a Tokiyo saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwaya da ake buƙata ba, mu da Favour Ofili ta isa Faris ta tarar ba a saka sunanta a mita 100 ba, me kuke tsammani? Na yi shekaru ina ganin yadda fayil ke kwana a kan teburi, da kuma yadda sirrin cikinsa ke riga mai shi isa gida. Ranar da sakamakon wata yarinya ya faɗa hannun mai neman suna, ba wasanta kaɗai ya ƙare ba, har aurenta da mutuncin gidansu.

Mafi muni shi ne hukuncin ido. A jihar Utah ta Amurka a 2022, iyayen wasu yara biyu sun kai ƙorafi a kan yarinyar da ta kayar da 'ya'yansu, aka bi takardunta na makaranta har zuwa ajin rainon yara, aka tarar mace ce tun fil azal. Laifinta shi ne ta ci, kuma ba ta yi musu kama da mace ba. Ba sai na je Amurka ba ma. Ina da 'yar wa, doguwa ce siririya, muryarta da ɗan kauri, babu wadda ke kama ta a gudu a makarantarsu. Ranar wasannin makaranta ta ci mita 200, sai wasu samari a bakin fili suka fara ihu suna kiranta da sunan 'yar damben nan ta Aljeriya, wasu na cewa mata-maza. Ta dawo gida ta ajiye takalmin. Na ce mata, "Ke kuwa me ya sa?" Ta ce, "Baffa, ni dai na bari kawai." Har yau ba ta koma ba. Ban san ko yaran nan sun taɓa ganin rubutuna ba, amma na san irin rubutuna ne ya koya musu. A yankin da dama da ƙyar uba ke barin 'yarsa ta shiga fili, ihu ɗaya ya isa ya rufe ƙofar.

Don haka ni ga abin da nake ganin adalci ne.

A manyan gasa, inda akwai lamba da kuɗi da gurbin karatu, a tsaya a kan layin balaga. Wanda ya yi balagar namiji ya yi wasa a ajin maza ko buɗaɗɗen aji. Na san hukumar ninƙaya ta gwada buɗaɗɗen aji a Balin a 2023 kuma babu wanda ya yi rajista, amma wannan dalili ne na a gyara tsarin, ba na a rushe ajin mata ba. Kuma hana mutum shiga wani aji ba lasisin zaginsa ba ne. Matsayin addininmu a kan sauya jinsi sananne ne, ba ni zan ba da fatawa ba, amma ban san inda addinin ya halatta mana ƙage da cin mutunci ba.

Waɗanda aka haifa da bambancin halitta kuwa a ware maganarsu daban. A yi gwajin tun kafin yarinya ta yi suna, ba bayan ta ci zinare ba. Likitoci ne za su duba, a asirce, kuma gwajin farko ya zama mafarin bincike, ba ƙarshensa ba. Wadda jikinta ba ya amfani da sinadarin a bar ta ta yi wasanta. Wadda dokar ta fitar kada a kira ta macuciya, kada a tura ta tiyatar da ba ta nema ba, a taimaka mata ta samu abin yi. Duk jami'in da ya fitar da sakamakon wata ya rasa aikinsa. Tunda Kirsty Coventry ta Zimbabuwe ce ke shugabantar kwamitin Olamfik tun watan Yunin 2025, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko, kuma ta ce kare gasar mata na gaba a aikinta, ya kamata hukumominmu na Afirka su tuna mata cewa 'yan nahiyarta ne suka fi kowa shan wuyar wannan mudu.

A wasannin firamare da sakandare kuwa, don Allah a ƙyale yara su yi gudu. Babu malami ko uban wani da ke da hurumin duba jikin 'yar mutane saboda ta fi tasa sauri.

Sai mu kanmu. Kafin ka danna ka yaɗa hoton wata ka ce namiji ce, tambayi kanka abin da abokin aikina ya tambaye ni: a ina aka haife ta, a me ta tashi, wa ya faɗa, kuma ya aka yi ya sani? In ba ka da amsa, riƙe yatsanka. Garin neman gira kada mu rasa ido, mu ce muna kare mata alhali matan muke kora daga fili.

Wanda yake da hujjar da ta fi tawa ya kawo, wallahi zan karɓa, ai na taɓa yin kuskure a kan maganar nan a gabanku. Zagi ne dai ba zan amsa ba. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.